Hayaƙin Hajo a Zauren Magaji

Ku samarin da kuke buga bulo a bayan tashar Tawa, ina jin abin da kuke faɗa idan na wuce da sandata. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan garau yake. Wai ginin ƙasa ba sana'a ba ce, wai laka ce da ruwa, ko jaki aka sakar wa ita zai tattaka ya tayar da ɗaki. To madalla. Ni Illa na yi shekara hamsin da 'yan kai a cikin lakar nan, amma da hannuna na kusa kashe ginin da ya fi kowane tsufa a garinmu, ina sanye da hular kwano ta roba da aka ba ni don in yi kama da masani. Ni ke nan da na san aikin. Ku fa?

Kayan aikinku na gan su: ƙarfen buga bulo, cokali, da ɗan katakon nan mai ruwa a ciki da kuke ɗora wa bango kuna leƙawa kamar 'yan duba. Namu ba su da yawa. Diga, kwando, tsani, ƙafa biyu, tafin hannu, sai harshe. Ƙwarai kuwa, harshe. Kawuna Nomau, yayan mahaifiyata, wanda ya koya mini aiki, ba ya yarda da ƙasa sai ya ɗanɗana ta. Zai tsuguna a bakin rami ya ɗebi kaɗan ya sa a baki, yana tauna yana kallon sama. In ta yi ƙas-ƙas a haƙori, yashi ya yi yawa, ruwan farko zai wanke ta. In ta manne a ganɗa, yumɓu ya yi yawa, za ta tsage kafin Juma'a. In kuwa ya ji gishiri-gishiri, sai ya tofar ya zagi mai filin. Ƙasar yankinmu na Adar da na ci ta isa a gina ɗan ƙaramin rumbu, kuma har yau ban taɓa kwanciya asibiti ba.

Shekara uku na yi ina cuɗa ƙasa da ƙafa kafin ya bar ni in taɓa bango. A zuba ƙaiƙayi, a zuba kashin jaki, a ba ta ruwa, ka shiga ka yi ta tattakawa har gwiwa, sa'an nan a bar ta kwana biyar ko bakwai ta ruɓe. Ranar da warinta ya sa mata suka canza hanyar rijiya, to ta nuna. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa jifan tubali. Kawu yana zaune a kan bango, ni ina ƙasa ina cilla masa ɗaya-ɗaya. In na cilla ba daidai ba sai ya cafe ya maido mini, kuma shi ba ya kuskure.

Abu ɗaya ne Kawu bai iya ba, shi ne bayani. Ka tambaye shi dalilin abu, amsarsa biyu ce: ko ranƙwashi, ko aljani. Don me ba a ɗora wa bango fiye da layi uku a yini? "Aljanin bango na son hutawa." Don me ake sa indararo ya yi tsawo haka? "Don kak ka jiƙa ma mutanen ƙasa ɗiyansu." Sai da na girma na gane layi uku don ƙasa ta samu bushewa ne, tsawon indararo kuma don kada ruwa ya ci gindin bango. Haka na yi ta warware aljanun Kawu ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina wayayye. Guda ɗaya ne ban warware ba, kuma shi ne ya kayar da ni.

Shekarar da hatsi ya ƙi, ba wanda ya kira magini. Duk ranin nan aiki ɗaya na samu, wani ne ya ce in rushe masa ɗaki ya sayar da azarar ya sayi gero. Na bi 'yan cin rani zuwa kudu, can na koyi siminti, na dawo ana ce mini maso, wato maginin siminti da bakin Faransa. Na dawo da rediyo, da takalmi sau-ciki, da raini. Masu ba da aiki ma sun canza. Na yi wa wani alhaji gida a nan Tawa, ya ce ɗakin kwanansa na ƙasa yake so saboda sanyi, amma fuskar gidan a shafe ta da siminti a ja mata layi-layi kamar bulo, saboda surukansa. Na yi masa yadda ya ce. Shi ya sha sanyi, surukai suka sha kallo, ni kuma na ƙara tabbatar wa kaina cewa ƙasa abar ɓoyewa ce.

Yanzu ga maganar Zauren Magaji. Garinmu yana kan hanyar Barmu, ba sai na faɗi sunansa ba, 'yan garin sun san kansu. A tsakiyarsa akwai zauren da kakan Kawu ya gina wa magajin gari na farko. Ginshiƙi huɗu ne a ciki, kowanne mutum biyu ba sa rungume shi, rufin kuma azarar giginya ce zalla, an jera ta kamar saƙar tabarma, an ɗora ƙasa a kai. Giginya ba ta fitowa a wajenmu, a kan raƙuma aka kawo ta daga kudu. A nan ake shari'ar iyakar gona da ta saniyar da ta ci wake, a nan baƙi suke sauka ranar kasuwa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka gari yana fitowa gayya a yi masa yaɓe, kuma gidanmu ne ke jan aikin. Mazan gidanmu su ke da bango, matan gidanmu su ke da wuta.

A kusurwar gabas akwai murhu, kuma tun da aka rufa zauren ba a taɓa yin yini guda ba a hura shi ba. Wai akwai wani aljani, Mai Zaure, da ba ya son komai sai hayaƙi, ranar da ya rasa shi zai tafi da rufin. Uwar Kawu ta hura, matarsa ta hura, wuta ta zo hannun 'yarsa Hajo. Hajo taubashiyata ce, tun muna tsirara bawana take ce mini, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Tun da ba a ƙona itace a banza, matan suka ɗora tanda a kai, abin ya zama waina da kunu kowace safiya. Azarar ta yi baƙi ƙirin, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. In ka zauna a ciki ka koma gida, matarka ba sai ta tambayi inda ka je ba.

Da ciwon ajali ya kama Kawu, ya sa aka kira ni da hantsi. Na zaci sirrin sana'a zai ba ni, na matso da kunne, a lokacin duka biyun suna aiki. Ya ce, "Illa, zauren ga na hannunka. Kak ka bari wutatai ta mutu." Na ce to. A raina na ce tsoho zai gamu da Ubangijinsa amma har yanzu yana ta aljanin murhu. Allah ya jiƙansa, abin da ya bar mini ke nan, sai tsani mai karyayyen mataki.

Furoje, wato aikin tallafin raya gari, ya zo mana ne bayan an yi sabuwar hanya. Wata farar mota ta tsaya a ƙofar zaure, aka fito da wata matashiya daga Yamai mai karatun gine-gine, Madam Rakiya, tare da wani ma'aikacin meri, wato ofishin ƙaramar hukuma. Ta zagaya, ta auna, ta ɗauki hoto, ta shafa ginshiƙi kamar ta ga ɗan'uwanta da ya ɓata. Ta ce wannan tarihi ne. Za a gyara shi, baƙi su riƙa zuwa su gani su biya, abin da aka samu ya shiga gari, a kuma haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, a yi rumfunan kasuwa a bakin hanya. Ba zan ci hakkinta ba, yarinyar tana da hankali. Da mutumin meri ya ce a shafe bangon da siminti a huta, kallon da ta yi masa sai da ya nemi inda zai sa hannuwansa. Aka ce a kira magini. Na zo cikin rigar sallata.

Muna tsaye a tsakiyar zaure ta ce, "Baba, ku ne masu wurin. Akwai abin da bai kamata mu taɓa ba? Wata al'ada, ko wani abu da tsofaffi suka hana?"

Ku dubi inda nake. Ga Hajo a kusurwa tana juya waina, hayaƙi ya turnuƙe. Ga akuya ta leƙo ƙofa. Ga mutumin meri ya toshe hanci da hankici. Ga wasu samari a bakin ƙofa da suka daɗe suna wa'azi cewa wutar nan camfi ce, ni kuma a lokacin na fara samun sahun gaba a masallaci. Ta yaya zan dubi mace mai tabarau da jakar takardu in ce mata muna da aljani mai cin hayaƙi? Kunya ce ta kama ni, ba komai ba.

Na ce, "Babu, Madam. Camhin mutanen da na. Wanga baƙi dut dauɗa ta. In anka kankare shi, kya ga aikin kakanmu da kyau."

Hajo ta ajiye tsinken juya waina. Ta ce, "Bawana, mi kac ce?"

"Na ce ki tashi ki ba tarihi wuri."

"Shi tarihin ɗan wane gida na? Tun da nike nan ban taɓa ganin ya zaka sayen ko kunu ba."

Aka yi dariya, har da Madam. Amma magana ta riga ta fita daga bakin magini, aka rubuta ta. Aka ba Hajo rumfar kwano a bakin hanya, ta farko a jeri. Ranar da za ta tashi ba ta zage ni ba, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Ta ɗebi garwashi a kasko, ta ɗora tanda a ka, ta fita.

Kwana tara muka yi muna kankara. Burushin ƙarfe, wuƙa, ruwan sabulu. Hayaƙin ya yi kauri har yana ɓantaruwa kamar ƙanzo, muna saukowa daga tsani uwayenmu ma ba za su gane mu ba. A ƙarƙashinsa kuwa azara ta fito jawur, kowace da zaren jikinta. Ba zan ɓoye muku ba, ta yi kyau, har na tsaya ina yaba wa kaina. A bayan ginshiƙin arewa akwai wani lungu da tsanin Kawu bai kai ba saboda karyayyen matakin nan. Na duba, na ga sai na je aron wani tsani, na ce Madam ba za ta leƙa nan ba. Azara bakwai na bari da baƙinsu, don ƙyuya kawai.

Aka sa ƙofar katako da kwaɗo, aka kafa allo da Faransanci, aka yi buki da jawabi da lemon kwalba. Aka ɗora mini hular kwano aka ɗauke ni hoto, aka ba ni mabuɗi, na zama mai gadin tarihi.

Shekara uku ina jiran baƙi. Hanyar arewa ta ƙi lafiya, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka zo zan iya faɗa muku su duka: 'yan makaranta sau biyu da malaminsu, wani ango da amaryarsa da suka zo hoto, sai wani mutumin Tebaram da ke cigiyar raƙuminsa, ya ga allo ya zaci gidan likitan dabbobi ne. Foraj kam ya yi aiki, matanmu sun huta da igiya, wannan a faɗa. Hajo ma a bakin hanya ta samu cinikin da ba ta taɓa samu ba, har ta tara awaki. Magaji ya mayar da zamansa gindin bishiya, don mabuɗi yana aljihuna, ni kuma rabin lokaci ina Tawa wajen aiki. Da lokacin yaɓe ya zo na yi shelar gayya, mutane suka ce ai zaure na furoje ne yanzu, furoje ya zo ya yaɓa abinsa. Sai ƙofa ta yi wata guda a rufe, ba mai shiga sai jemage.

A shekara ta ukun, bayan ruwan farko, Madam ta kira ni a salula ta ce tana tafe da manyan baƙi. Na je da safe in share. Ina buɗe ƙofa wani wari mai sanyi ya buge ni, irin na rijiyar da aka daina ɗiba. Daɓen ya rufe da wani gari mai laushi. Na ɗaga kai, sai na ga layukan jar ƙasa sun hau ginshiƙai sun bazu a rufi. Gara ce. Na ɗaga sandata na taɓa azara ɗaya, sanda ta shige kamar na soki dafaffiyar kabewa, gari ya zubo mini a fuska. Na taɓa ta biyu, na taɓa ta goma. Wasu da sauran ƙarfinsu, da yawa kuwa fata ce kawai ta rage. Ɓangaren gabas har ya fara yin ciki.

Na zagaya bayan ginshiƙin arewa, wajen bakwai ɗin da ƙyuya ta hana ni. Na ƙwanƙwasa, sanda ta dawo mini a hannu, ƙwal. Na sake, ƙwal. Hanyar gara ta zo har bakinsu, ta karkata ta bi ta gefe.

Na zauna daɓas a cikin garin nan da rigata. Ashe Mai Zaure ke nan. Hayaƙi yana shafe itace da abin da gara da ƙwaro ba sa so, zafin murhu yana busar da rufi, ƙofa a buɗe iska tana wucewa, ita kuma Hajo kowace safiya in ta ga layin gara sai ta kai masa tsintsiya ba tare da ta san wani aiki take yi ba. Kawu ya faɗa mini gaskiya da irin bakin da ya iya, ni na ƙi ji don ban ga ta sa takalmi sau-ciki ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya biyo bayanta. Ƙasar da ke kan rufin nan nauyinta ba wasa ba ne tana busasshiya ma. In damina ta kai tsakiya ta sha ruwa, zaure ya tafi, kuma a hannuna.

Da Madam ta iso ta leƙa, sai ta juya ta ce a kai baƙi su ga foraj. Muka rage mu biyu. Na nuna mata jajayen, na nuna mata baƙaƙen, na faɗa mata labarin Mai Zaure tun daga farko.

Ta ce, "Baba, ai na tambaye ku."

Na ce, "Kin tambaya, ɗiyata. Ni niy yi maki ƙarya, don kak ki ce ni baƙauye na."

Ta ce, "Da kun ce aljani ne, da aljani na rubuta a takarda, a bar masa wutarsa." Ta cire takalmi ta hau tsanin Kawu, na ce ta kula da mataki na huɗu.

Sabuwar azara ba ta samuwa. Ma'aikatan gandun daji sun hana saran giginya, kuma ko an sara, ɗanya ba ta rufi. Mutumin meri ya ce a yaye rufin a sa ƙarfe da kwano, kowa ya huta. Na roƙi mako uku. A nan ne kuka shigo labarin, ku masu bulo. A tsofaffin unguwannin Tawa ana ta rushe gidajen ƙasa ana tayar da shaguna, azarar kuma ana sayar wa masu tuwo da masu gasa nama. Na hau kabu-kabu na bi bayanku gida-gida. Mai gida zai nuna mini azarar ɗakin baƙi, fes da ita, in ce ba na so, ta madafa nake nema, wadda ta fi baƙi. Labari ya bazu cewa Illa ya taɓu. Wani mahauci har cikin wutarsa na zaro guda, ya biyo ni da wuƙa yana tambayar ko lafiya. Abin da na tara bai kai yadda nake so ba, amma na cika mota.

Muka tokare rufin da itatuwa, muka fara daga yamma, muna sauke ƙasa kashi-kashi, muna zare ruɓaɓɓiya muna sa baƙa. Ruwa bai jira mu ba. Wata rana bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, muka sauko muka fake a gidan magaji. Ruwa yana tsakiyar zuba muka ji rugum. Ɓangaren gabas ne, daidai saman mataccen murhun, inda kakan Kawu ya yi jerin da ya fi kowane kyau. Allah ya sa ba kowa a ƙasa. Ruwa yana ɗaukewa na ga mutane suna fitowa da kwanduna da diga, ba wanda ya yi shela, ba wanda ya ambaci furoje. Sauran rufin mun cece shi. Gabas ɗin ni na sake jera shi, kuma duk wanda ya san na da ya san nawa bai kama ƙafarsa ba. Baƙar azara ba ta isa ba, kusan rabin rufin jajayen da suka tsira ne, tsirara, gara tana ƙasa tana jira.

Sai na wanke ƙafa na tafi bakin hanya. Na iske Hajo a rumfar kwano da rana tsaka, gumi yana zuba, mutane sun yi layi.

Na ce, "Sannu da aiki, uwargijiyata."

Ta ce, "A'a! Bawana, yau ba hular? Ina tarihi, lahiya shike?"

"Ba shi lahiya. Hayaƙi shika so."

"To ku saya mashi taba."

Masu layi suka fashe da dariya, na tsaya na shanye. Da ta sallame su ta dube ni, wannan karon ba wasa. Ta ce, "Illa, kun hisshe ni, Allah ya ba ni inda ya hi. Nan mota ka tsayawa, nan mutane suke. In koma in yi ma jemage waina?"

Gaskiya ta faɗa. Madam ce ta zo ta zauna da ita a kan tabarma yini guda, da magaji, da mutumin meri. Aka shirya 'yan kabu-kabu su mayar da wurin jiransu inuwar zaure, tun da taku kaɗan ne daga hanya. Aka kafa musu sola, lantarkin hasken rana, a kan sandarta daban, don na ce duk wanda ya huda mini rufi sai mun je gaban alƙali, suna cajin salula a ciki. Magaji ya dawo da zamansa. Rumfar bakin hanya 'yar Hajo ta riƙe. Ita kuma Hajo ta kafa mini sharaɗi uku. A cire ƙofar a ba ta, awakinta suna bukata. In riƙa kawo mata itace kullum har ɗayanmu ya mutu. Kuma in tsaya gaban jama'a in janye abin da na faɗa.

Na tsaya na janye. Liman ya ce, "Malam Illa, yanzu kana nuhin akwai aljanin?" Na ce, "Allah gafarta Malam, aljani ban gan shi ba, amma gara na gan ta."

Ranar da ta dawo, da kaskon nan ta zo, da garwashi daga murhunta na bakin hanya. Ashe ita ba ta taɓa barin wutar ta mutu ba. Ta tsuguna ta hura, hayaƙi ya miƙe ya taɓa jar azara. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kaka ta sa nata, inna ta sa nata, ni na sa nawa. Kai ka kankare cikin kwana tara. To zamna ka jira."

Ina nan ina jira. Damina biyu ke nan. Allon Faransancin yana nan, awaki suna soshe jikinsu da shi, baƙi kuma in sun zo sai su zauna su ci waina tare da kowa, ba a karɓar musu komai sai na wainar. Kowace safiya na ajiye itace sai in ɗaga kai. Jajayen sun fara yin kalar shayin da aka yi wa rowar ganye, ba su wuce nan ba. Shi ya sa nake cusa ɗanyen reshe da jiƙaƙƙen kara a tsakiyar damin, don ya fi hayaƙi. 'Yan kabu-kabu suna tari suna tsine wa wanda ya kawo itacen, ina zaune a gefensu ina taya su. Ranar da zan zo Tawa sai na tara mata na kwana biyu.

Hajo ta daɗe da gano ni. Rannan ta zaro wani ɗanyen reshe ta nuna mini, idanunta suna hawayen hayaƙi, ta ce, "Ko ka ƙone Adar duka, bawana, ba ka ganin baƙinai. Ni ma ba ni gani. Sai jikokin waɗanga 'yan kabu-kabu." Ta mayar da shi cikin wuta.

Na sani, kuma yana ci mini rai. Saboda haka in hanya ta bi da ku ta Barmu, ku tsaya, ku shiga, ku ci waina, ku yi tari, ku ɗaga kai ku ga abin da kuke kira laka da ruwa. Ni dai gobe ma da ɗanye zan je.